MU SAN ƘASARMU: Daga Ƙanƙara Zuwa Daura

Ga shi damina ta ɗauke, an shiga kaka, hutun ƙarshen shekara kuwa ya ƙarato. A wannan wata muna so mu zaga Jihar Katsina tare da ku. Za mu fara daga ƙofar gida, watau Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mu bi hanya sannu a hankali har mu dangana da Daura.

Watakila wani zai ce, ina amfanin maganar yawon buɗe ido a zamanin da mutum ya ke fargabar zuwa gonarsa? Tambaya ce mai kyau, ga kuwa amsarmu. Mu da mu ke tsaye gaban allo kowace safiya mun lura da wani abu mai tayar da hankali. In aka ambaci Faskari, ko Batsari, ko Jibiya a aji, abin da ya ke fara zuwa bakin yaro shi ne labarin 'yan bindiga. Ya haddace sunan babban birnin Faransa domin jarrabawa, amma bai san inda ruwan rafin bayan gidansu ya ke zuwa ba. Yaron da ya tashi yana ganin ƙasarsa wurin tsoro ce kawai, ran da ya yi ƙarfi ba wuya ya sayar da gonar ubansa da araha ya tafi ke nan. Hausawa kuwa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka ya wajaba mu nuna wa 'ya'yanmu abin da su ke da shi, inda ƙafa za ta iya zuwa a je da ƙafa, inda ba ta iya zuwa a je da baki.

Shimfiɗar ƙasar

An ƙago Jihar Katsina ran 23 ga Satumba, 1987, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Kafin nan tana cikin Jihar Kaduna ne. Faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 24,000, tana da ƙananan hukumomi 34 da masarautu biyu, Katsina da Daura. A ƙidayar 2006 an sami mutum miliyan 5.8 a cikinta. Daga arewa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, daga yamma da Zamfara, daga kudu da Kaduna, daga gabas kuma da Kano da Jigawa.

In kun dubi taswira za ku ga jihar doguwa ce, kanta yana arewa, ƙafafunta suna kudu. Wannan tsawo shi ne mabuɗin fahimtarta. Iskar da ke kawo ruwan sama daga teku ta ke tasowa, daga kudu maso yamma. Ita ce ke fara isa Sabuwa da Funtuwa, ita ce kuma ke barinsu daga baya. Shi ya sa a kudu ruwan shekara ya kan kai milimita 1,000 ko fiye, a wajajen Jibiya da Daura kuwa ya kan tsaya wajen 600 zuwa 700. Manomin Sabuwa ya kan yi shuka, har ya yi noman fari, alhali ɗan'uwansa na Mai'aduwa yana duban sama tukuna.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. A kudu laka ce mai nauyi, mai riƙe ruwa, ta masara da dawa da auduga da waken suya da rake, da shinkafa a fadamu. A arewa jigawa ce mai yashi, ta gero da gyaɗa da wake da riɗi. Mai tafiya da ido buɗe zai ga itatuwa suna sakewa. Kaɗanya da ɗorowa su ne sarakai a wajenmu, amma da an wuce Dutsin-ma sai a ga gawo da kuka da aduwa suna ƙaruwa, sarari kuma yana buɗewa. Ku sa yara su riƙa ƙirga su ta tagar mota. Darasi ne wanda ba a biyan kuɗinsa.

Ga wani abin mamaki kuma. Jihar nan tudu ce mai raba ruwa. Gulbin Sakkwato daga wajajen Funtuwa ya ke fara tasowa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Gulbin Rima, ya wuce Argungu, ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai shi teku. Watau ruwan da ya zuba a kan gonakin yankinmu yana yin doguwar tafiya irin wadda yawancinmu ba mu taɓa yi ba.

Katsina Laka

Mutanen dā suna kiran kudancin ƙasar nan Katsina Laka, saboda irin ƙasarta. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi dogon bincike a kan tarihin Katsina, aka buga littafinsa a 1981. A ciki ya nuna cewa garuruwan kudu irin su Maska da Gozaki da Kogo da Pauwa tsofaffin garuruwa ne masu sarautunsu, masu noma da saƙa da rini da fatauci tun kafin jihadi. Ashe ba bayan gari ba ne mu. Har yanzu tarihin yana nan cikin sunayen sarauta. Hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ne, na Funtuwa Sarkin Maska, na Malumfashi kuwa Galadiman Katsina. In yaro ya tambaya me ya sa ba a ce Sarkin Ƙanƙara ba, to, ƙofar tarihi ta buɗe, sai a shiga.

Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara tana da mutum fiye da 240,000 a ƙidayar 2006. Abin da aka fi saninta da shi a littattafan ma'adinai shi ne farar ƙasa. Ga yadda ta ke samuwa. Duwatsun nan manya manya da mu ke gani a tsaitsaye kamar an kifa ƙwarya, suna cikin duwatsu mafi tsufa a Nijeriya. Cikin shekaru masu ɗimbin yawa ruwa yana ratsa su, yana ruɓar da wani sashe na jikinsu, har ya koma gari mai laushi, fari fat. Da wannan farar ƙasa a ke yin tangaran da fenti da allin makaranta, a kan sa ta cikin takarda domin ta yi santsi, a kan kuma sa ta cikin wani maganin zawo. Masana a jami'o'in ƙasar nan sun daɗe suna gwaje-gwaje a kan farar ƙasar Ƙanƙara. Abin baƙin ciki shi ne yawancinta ɗanya a ke loda ta a mota, ribar sarrafawa kuwa ta tafi wani gari. Ɗalibin da ke son kimiyya ya riƙe wannan a zuciya.

A ƙasar Faskari akwai Daudawa, inda tun zamanin Turawa aka kafa gonar gwaji ta irin auduga, daga nan a ke raba iri ga manoma. Akwai kasuwar Sheme ta dabbobi da ta 'Yankara a kan hanyar Gusau. Sabuwa kuma, can a ƙuryar kudu maso yamma, kan iyakar Birnin Gwari, rumbun masara ce. Ita da Ɗandume maƙwabciyarta su na ciyar da garuruwa masu nisa, gama manyan motoci su kan ɗauki hatsi daga kasuwar Ɗandume zuwa kudancin Nijeriya da kuma Nijar.

Maganar daji

Ba za mu ɓoye gaskiya ba. Yammacin jihar nan daji ne ya lulluɓe shi. A arewa maso yamma ga dajin Rugu, a ƙasashen Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya zarce har Zamfara. A kudu maso yamma ga dajin Kogo, wanda ya haɗe da dazuzzukan Birnin Gwari. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa dajin Kogo cikin wurare 10 da ta amince a mai da su gandun daji na ƙasa. A cikin wannan shekara kuma, ran 11 ga Disamba da dare, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati a Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji. Ran 17 ga wata aka sako 344. Ranar nan ce duniya ta koyi sunan garinmu, ba kuwa ta hanyar da mu ke so ba. A watan Satumba na 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na wasu watanni, har da ukunmu, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar matasa masu tsaron ƙauyuka. A 2025 kuma aka yi ta zaman sulhu a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari.

Amma ya kamata yara su sani cewa ba yau ne farkon shigar ƙasar nan cikin irin wannan hali ba. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi. Kusan dukan ƙarni na 19 mahayan Maraɗi ta cikin dajin Rugu su ke biyowa, su faɗa wa garuruwan kudu, su kama mutane da shanu. Sunayen Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau har yanzu suna cikin labarun tsofaffi. Kakanninmu suka gina ganuwa, waɗansu suka hau kan duwatsu, suka yi noma a gindinsu. Da zaman lafiya ya samu suka sauko, suka share daji, baƙi suka zo daga ko'ina, ƙasar ta cika da gonaki fiye da dā. Ba mu faɗi wannan domin mu rage wa kowa zafin rashin da ya yi ba. Mun faɗa ne domin yaro ya gane cewa ƙasar da ta taɓa farfaɗowa tana iya sāke farfaɗowa, in dai masu ita ba su yar da ita ba.

A kan hanya

Funtuwa ita ce gari na biyu a girma a jihar. Auduga da jirgin ƙasa su suka raya ta. Hanyar jirgi ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka yi masaƙa. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe babban shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya yaɗa takin zamani da sabon irin masara a ƙauyukanmu. Iyayenmu da yawa sun ga wannan da idonsu, ku tambaye su yadda masara ta ture dawa a tukunyar tuwo. A Funtuwa ne kuma Alhaji Mamman Shata ya yi zama mai tsawo. A Musawa aka haife shi, ya rasu a 1999, aka yi jana'izarsa a Daura, watau rayuwarsa ta ratsa jihar daga wannan gefe zuwa wancan.

Daga Ƙanƙara hanyoyi biyu ne zuwa birnin Katsina. Ta farko ta bi 'Yantumaki da Dutsin-ma. Ita ce gajeriya, kuma a kusa da ita madatsar ruwa ta Zoɓe ta ke, a kan gulbin Karaɗuwa, wadda aka gama a 1983. A Dutsin-ma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Amma hanyar nan gefen daji ta ke bi. Ta biyu ta bi Marabar Ƙanƙara da Malumfashi, ta faɗa babban titin Kano zuwa Katsina, ta wuce Kankiya da Caranci. Ta fi nisa, amma ta fi jama'a. Mai iyali ya tambayi direbobin tasha ran da zai tashi, gama labarin hanya na jiya ba shi ne na yau ba.

Ƙasar Malumfashi da Ƙafur da gabashin Ƙanƙara ita ce mazaunin Maguzawa tun kaka da kakanni, daga cikinsu ne kuma ikilisiyoyin Hausawa da yawa na jihar nan suka fito. A 2023 aka ƙago Dayosis na Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, ya zama bishop ɗinsa na fari.

Birnin Dikko

Ana yi wa Katsina kirari da ɗakin kara, saboda karamcin mutanenta ga baƙo. Bisa ga labarin gargajiya, Kumayau ne sarkinta na fari, daga gidan Durɓawa. Na ƙarshensu shi ne Sanau, wanda Muhammadu Korau ya kayar a kokawa ya karɓi sarauta. Korau ne a ke ɗauka sarki Musulmi na fari, shi ya sa har yau a ke kiran fadar Gidan Korau. Bayan faɗuwar daular Songhai a 1591, fataucin hamada ya karkato wannan gefe, Katsina ta zama babbar kasuwa da mazaunin malamai, irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na ƙarni na 17. Wajen 1807 Ummarun Dallaje ya ci birnin da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Zuriyar sarakunan da suka fita suna Maraɗi, kilomita wajen 90 daga nan, kuma har yanzu Sarkin Katsina a ke ce da mai sarautar can.

Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1851. Ya kimanta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, amma ya tarar yaƙe-yaƙe sun rage mutanen ciki ƙwarai, kasuwa ta koma Kano. Duk da haka ya yaba wa Hausar Katsinawa da ladabinsu. A 1903 Lugga ya shigo da sojojinsa ta Ƙofar 'Yanɗaka. A 1906 sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki har 1944. Bayansa sai Usman Nagogo har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sa'an nan Abdulmumini Kabir Usman.

Ga wuraren da ya kamata iyali su gani. Na fari, hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne da azara, tsawonsa wajen mita 15, saura ne na wani tsohon masallaci da a ke dangantawa da ƙarni na 15, zamanin da Shehu Magili ya ziyarci ƙasar Hausa. Ku nuna wa yara yadda magina suka yi gindin da kauri, suka riƙa rage shi hawa hawa. Wannan dabara, tare da yaɓen da a ke sabuntawa, ita ta riƙe shi ɗaruruwan damina ba siminti ba ƙarfe.

Na biyu, tsohuwar Kwalejin Katsina. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, domin horad da malaman makaranta. A nan Ahmadu Bello Sardauna ya yi karatu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam mai Magana Jari Ce. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 kuma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yanzu. Tsohon ginin ya zama gidan adana kayan tarihi. Yaron da ke ƙorafin cewa ajinsu ba kyau ya ga ɗakunan ƙasar da Firayim Minista ya zauna a ciki.

Na uku, ƙofofin gari: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka. Yawancin ganuwar ta zube, gidaje sun cinye wurinta, an kuma sāke gina waɗansu ƙofofin da siminti, amma sunayen suna nan. Kowace ƙofa ku tambaya ina ta ke fuskanta, wa kuma aka sa mata sunansa. Filin Ƙofar Soro, gaban fada, nan a ke hawan Salla, wanda ya cancanci a gani ko sau ɗaya a rayuwa.

Na huɗu, Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari. A ƙarshen shekarun 1930 ne Mishan ta SIM ta karɓi aikin jiyyar kutare a nan, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Daga baya asibitin ya koma hannun gwamnati. Tun shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shiga yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a wurin, har asibitin ya zama cibiya ta ƙasa a kan wannan ciwo. Ba wurin kallo ba ne, amma in kun wuce ku gaya wa yara labarinsa.

Durɓi ta Kusheyi da Daura

Gabas da birnin, a ƙasar Mani, akwai waɗansu tuddai da a ke kira Durɓi ta Kusheyi, kaburburan manya ne na zamanin dā. An tona su a 1907, an kuma sāke tonawa a 1992. Aka sami kwanonin tagulla, da duwatsun wuya, da wuri, da kayan hauren giwa. Waɗansu daga cikinsu ba aikin ƙasar nan ba ne, daga hayin hamada aka kawo su. Wannan shaida ce cewa tun kafin wani Bature ya ji sunan Katsina, mutanenta suna ciniki da duniya.

Daga Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne. Kowane ɗan firamare ya san labarin: baƙo Bayajidda ya sauka gidan wata tsohuwa, ya nemi ruwa, aka ce macijiya ta hana ɗiba sai ran Juma'a, ya je ya kashe ta, ya auri sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai, watau Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Masana tarihi suna ɗaukarsa labarin gargajiya ne mai bayyana zumuncin garuruwan, gama akwai Hausawa a ƙasar tun kafin wannan zamani. Amma rijiyar Kusugu tana nan, an kewaye ta da gini, akwai ruwa a ciki, baƙi kuma su kan sha. Fadar Daura tana da kyawawan ɗakuna na daurin guga. Abin lura, a Daura gidan sarautar Haɓe ya dawo kan gado a 1906, shi ke mulki har yau. Garin ya yi suna da hawan Sallar Gani. A nan ne kuma aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a watan Yuli na 2025. Shi da Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya rasu yana kan mulki a 2010, su ne shugabannin ƙasa biyu da jihar nan ta ba Nijeriya. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya.

Shawara ga mai tafiya

Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma rigakafi ya fi magani. Ku tashi bayan rana ta fito sosai, ku sauka kafin la'asar. Ku shiga mota a tasha, kada ku tsai da ta bakin hanya domin rangwamen kuɗi. Ku gaya wa wani a gida hanyar da za ku bi da inda za ku kwana, kada kuwa ku yi shelar tafiyarku a kasuwa ko a waya. Kada kowa ya kai yara Rugu ko Kogo ko kan duwatsun da ke nesa da gari da sunan yawon makaranta. Lokacin wannan bai yi ba tukuna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiya ta fi daɗi, sai dai a ɗauki rigar sanyi da man shafawa saboda hunturu, gama sanyin Katsina da Daura ya fi namu cizo da asuba.

A Gobarau da fada da Kusugu mu baƙi ne, sai mu yi halin baƙon kirki. A yi sallama, a nemi izini wurin mai tsaro kafin a shiga ko a ɗauki hoto, a sa tufafi na mutunci, mata su yafa mayafi, inda aka ce a tuɓe takalmi a tuɓe. A kauce wa lokacin salla, musamman ran Juma'a da azahar. In mai tsaron ya ba ku labari, ku saurara, ku gode, ku ba shi ɗan goro. Yara suna kallonmu, yadda suka ga mun girmama kayan maƙwabtanmu haka za su yi in sun girma. Tarihin nan kuwa namu ne duka, gama kakanni ɗaya suka gina ganuwar.

In kuɗin mota ya gagari iyali duka, gidaje uku ko huɗu su haɗa hannu, su aiki babba ɗaya da manyan yara, su dawo su ba sauran labari.

Aikin hutu

Ga waɗanda ba su da halin zuwa ko'ina, ga aikin da ba ya bukatar ko kwabo. Kowane yaro ya sami littafin rubutu ya zauna gaban kakansa ko wata tsohuwar unguwa ya yi tambayoyin nan. Daga ina gidanmu ya taso? Mene ne sunan dutsen da ke kusa da tsohon garinmu, me a ke faɗi a kansa? Ina rafinmu ya ke zuwa? Waɗanne namun daji kuka gani da idonku kuna yara? Wace kasuwa kuke ci, kwana nawa a ke yi a ƙasa? Wannan aiki ya fi wajaba a kan iyalan da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu, suna zaune a Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi. A rubuta sunan ƙauyen, da sunayen gonaki, da itatuwan da ke kan iyaka, da inda aka binne kakanni, tun masu sanin suna da rai. Ran da za a koma, wannan littafi zai yi amfani fiye da yadda a ke zato.

Wanda ya rubuta abin kirki ya aiko wa Edita, za mu zaɓi waɗansu mu buga a wannan fili. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu haye iyaka mu duba Maraɗi. Mu kwana nan. Allah ya kiyaye hanya, ya ba ƙasarmu lafiya.